Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Jagororin Gini Mai Tattalin Muhalli da Maginan Gwandu da Kalgo

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta ratsa Kalgo ta nufi Bunza a 'yan shekarun nan, ba ya buƙatar a gaya masa cewa garin yana cikin zamanin gini. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, aka kuma ajiye mazauninta na dindindin a kan wannan hanya, gonaki suka fara komawa filaye, filayen kuma suka koma gidajen haya na ɗalibai da ma'aikata. Kusan duk gidajen kamarsu ɗaya: bulon siminti mai rami, inci shida ko tara, da rufin kwano, sai silin da akan sa idan kuɗi sun kai, idan ba su kai ba a bar shi sai baɗi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin da aka gina haka yakan zama tanda tun da hantsi, kuma ba ya hucewa sai dare ya raba. Mai hali ya sayi na'urar sanyaya ɗaki da janareta, marar hali ya fitar da tabarmarsa tsakar gida. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da yawa daga cikin masu halin ma sun koma tabarma.

Akwai ƙwararrun da suka ɗora wa kansu alhakin magance irin wannan matsala a matakin ƙasa da na nahiya. A 2002 aka kafa Majalisar Duniya ta Gine-gine Masu Tattalin Muhalli, wadda ke da rukuni na ƙasashen Afirka. Afirka ta Kudu ta kafa tata majalisar a 2007, ƙasashe irin su Kenya da Ghana suka biyo baya, Nijeriya ma tana da tata, wadda aka fi sani da GBCN. Masu jan ragamar waɗannan ƙungiyoyi galibi masu zanen gine-gine ne, da injiniyoyi, da masu ƙiyasin kuɗin gini, da 'yan kasuwar gidaje. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce. Rahotannin Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa gine-gine da aikin gina su ne ke da alhakin kimanin kashi ɗaya bisa uku na iskar kabon da amfani da makamashi ke fitarwa a duniya. Siminti kaɗai yana da kusan kashi 8 cikin ɗari na abin da ɗan Adam ke fitarwa, domin ana gasa farar ƙasa ne a wuta mai zafin digiri 1,450, dutsen da kansa kuma yana sakin iskar yayin da yake gasuwa. Nijeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta kai matsayin daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa kafin 2060.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, waɗannan jagorori sun kama gaskiya, amma sun kama ta ta wutsiya. Muddin ba su jawo maginan gargajiya na garuruwa irin su Gwandu da Kalgo cikin shugabancin tafiyar ba, suka kuma yarda su sa hannunsu da hatiminsu a kan ginin ƙasa da aka inganta, to kiransu zai ci gaba da yawo tsakanin ɗakunan taro na Legas da Abuja.

Matsalar ta fara ne tun daga suna. A Turanci da launin kore ake kiran irin wannan gini, kuma an sha jin ana fassara shi kai tsaye a ce “koren gini”. Bahaushen Kalgo da ya ji haka, fenti zai tambaya. Ko kalmar “muhalli” ma, a bakin yawancin mutane wurin zama take nufi kafin ta nufi ƙasa da ruwa da iska da itatuwa. Wannan abu ne da ya shafi sassan Hausa na jami'o'i kai tsaye, domin aikin da ba shi da suna a harshen masu yin sa da wuya ya zama nasu. An zaɓi “gini mai tattalin muhalli” a nan saboda “tattali” ya haɗa adanawa da kulawa, kuma yana tuna wa mai sauraro aljihunsa.

Bayan suna sai ma'auni. Ƙungiyoyin nan sun fi auna nasararsu da takardun shaida. Akwai LEED da ta fito daga Amurka, akwai kuma EDGE ta hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa, wadda ke neman gini ya rage aƙalla kashi 20 cikin ɗari na wutar lantarki da ruwa da makamashin da ke cikin kayan gini. Dogayen benaye irin su Heritage Place a Ikoyi da Nestoil Tower a Victoria Island sun sami shaidar LEED, kuma babu mai hankalin da zai ce rage ɓarnar wuta a irin waɗannan benaye aikin banza ne. Sai dai takardar shaida tana buƙatar zane, da mai tantancewa, da kuɗin rajista, da mai haya na kamfani wanda zai biya ƙari saboda ita. Gidan da ake ginawa a Kalgo ba ya ratsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi. Mai gida ne da birkilansa, ana buga bulo ɗari biyu yau, a jira kaka ko a jira adashi, a ɗora linta bayan shekara. Haka ake gina mafi yawan gidajen Arewa, kuma a nan ne simintin yake tafiya.

Hatta dokar da aka yi saboda wannan manufa ba ta iso nan ba. A 2017 Ma'aikatar Wutar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, tare da tallafin hukumar GIZ ta Jamus, ta ƙaddamar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, wadda ta taɓo faɗin tagogi, da inuwar da ya kamata a yi musu, da abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Ƙa'ida ce mai ma'ana. Amma izinin gini a hannun jihohi yake, don haka sai jiha ta karɓe ta ta sa a dokarta kafin ta yi aiki, kuma ko an karɓa, ba ta shafi mutumin da bai taɓa kai zane ofis ba.

Abin da Gwandu ta riga ta sani

Gwandu ba baƙuwar tsarin gini ba ce. Garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka sauka a 1805, wanda daga baya ya zama cibiyar yammacin Daular Usmaniyya a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, gari ne da aka kewaye da ganuwar ƙasa, aka gina masallatai da makarantu da gidajen malamai da ƙasar wurin. Hasali ma, a cikin shekarun 1830 Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya tattara mas'alolin shari'a da alƙalai ke yawan buƙata wajen raba gardama, cikinsu har da waɗanda suka shafi gini da hanya da haƙƙin maƙwabtaka. Besim Hakim da Zubair Ahmed sun yi nazarin wannan ɓangare na littafin a wata maƙala da suka buga a 2006. Ginshiƙin hukunce-hukuncen shi ne ƙa'idar Malikiyya ta hana cutarwa: mutum yana da ikon gina abin da ya so a filinsa matuƙar bai cuci maƙwabcinsa ko mai wucewa ba. Duk wanda ke neman hanyar bayyana wa mutanen Kabi dalilin da ya sa gininsa ya shafi waninsa, ga tushe nan a gida wanda liman zai iya ɗauka a huɗuba ba tare da tafinta ba.

Ilimin hannu kuwa yana wurin magina. Magini ya san ƙasar da ta dace da tubali da wadda ba ta dace ba, ya san yawan ramnon da za a cuɗa da ita, da kwanakin da za a bar ta ta ruɓa kafin a murza. Bangon soro yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Wannan kauri shi ne sirrin sanyinsa, domin zafin rana yakan ɗauki sa'o'i da yawa kafin ya ratsa shi, ta yadda lokacin da waje ke ƙuna ciki yana nan da sauran sanyin asuba. Rufin azara da ƙasa yana yin irin wannan aiki daga sama, inda rana ta fi duka. Tagogi ƙanana ne kuma suna can sama, zaure da shigifa suna tare iska mai ƙura, indararo yana jefa ruwan sama nesa da bango, makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa tana ƙarfafa yaɓe, laso kuma, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, yana hana rufi shan ruwa. Sana'a ce mai shugabanci da tsarin koyo, shi ya sa ake da sarautar Sarkin Magina a masarautun ƙasar Hausa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19 har yau masana gine-gine na duniya suna nazarin bakan gizonsa.

Amma zai zama rashin adalci a tsaya a nan, kamar yadda masu yabon gargajiya suka saba yi daga cikin ɗakunansu masu sanyin na'ura. Mutanen da suka bar ginin ƙasa ba jahilci ya sa su ba. Soro yana neman yaɓe kusan kowace shekara, kuma gayyar da ake yi a da don wannan aiki ta ragu, yanzu sai da kuɗi. Gara tana cin itacen rufi. A tsakiyar bazara bangon da ya sha zafi da rana yakan amayar da shi da dare, shi ya sa ko mai soro a waje yake kwana a watan Afrilu. Babban abin tsoro kuwa shi ne ruwa. A ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar, da waɗanda suka biyo bayanta, gidajen ƙasa da ke kusa da fadama ne suka fi zubewa, kuma an yi asarar rayuka. Wanda ya taɓa tono ɗan'uwansa daga ƙarƙashin bango ba za a burge shi da lissafin iskar kabon ba. Sannan azara ta yi tsada, domin giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta ƙosa, ana kuma sare ta fiye da yadda ake shuka ta. Dazukan giginya na Dallol Mawuri a yankin Gaya, can tsallaken iyaka daga Kamba, sai da aka sa musu tsarin kulawa na musamman kafin a rage ɓarnar. A bayan duk waɗannan akwai maganar daraja, wadda ba a cika faɗa a taro ba. Gidan bulo shaida ce cewa mutum ya samu, kuma iyayen amarya suna duba irin ɗakin da za a kai 'yarsu.

Waɗannan matsaloli su ne ainihin aikin ƙwararru, kuma yawancinsu an riga an san maganinsu. Bangon ƙasa yana rushewa ne daga gindi idan ya jiƙa, ko daga kai idan ruwa ya sauka a kansa. Idan aka ɗora shi a kan harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, aka kuma miƙo rufi ya yi masa laima, an kashe rabin matsalar. Akwai kuma bulon jar ƙasa da ake matsawa da inji bayan an gauraya shi da ɗan siminti kaɗan, abin da bai cika wuce kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ba. Ba a gasa shi, don haka ba ya cin itace, kuma ba ya neman yaɓen shekara-shekara. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injunan buga irin wannan bulo, kuma akwai cibiyar fasahar ginin ƙasa a Jos. Matsalar azara ma an gwada mata hanya: tun farkon shekarun 1980 ake koyar da magina a Jamhuriyar Nijar yadda ake rufe ɗaki da tulluwar tubali ba tare da itace ko ɗaya ba.

Gani ya kori ji. A Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara sabon masallaci da bulon jar ƙasa matsattse, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, aka kammala aikin a 2018. Tsohon masallacin aikin Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986, kuma an gayyato maginan da suka san ginin tun asali suka shiga aikin gyaransa. Abin sha'awa, gidauniyar wani babban kamfanin siminti ce ta ba aikin lambar zinare a 2017. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin ta yadda iska ke ratsawa tsakaninsu ta kwashe zafi. Wato kwanon da ke gasa mutane a Kalgo shi ne ya zama laima a Gando, bambancin kawai yadda aka ɗora shi. Kéré ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gine-gine, a 2022. Yanayin Tawa da na Gando bai fi na Kabi sauƙi ba.

To me ya hana?

Amsa ɗaya tana cikin yadda ake biyan ƙwararru. A al'adar aikin, ladan mai zane da injiniya da mai ƙiyasi kaso ne na jimlar kuɗin gini, ribar ɗan kwangila ma haka. Ginin da ya rage siminti da rodi ya rage abin da kowa zai samu, alhali ya ƙara wahalar sa ido, tunda sai an gwada ƙasa an horar da leburori. Wannan ba zargin kowa da mugunta ba ne. Tsari ne da ke hukunta mai tattali, kuma ƙungiyar da shugabanninta ke cin abinci a cikin tsarin ya kamata ta fara da faɗin haka a fili. Amsa ta biyu tsoron alhaki ce. Injiniyan da ya sa hannu a ginin bulon siminti, ko ya tsage, zai ce ya bi abin da kowa ke bi. Wanda ya sa hannu a ginin ƙasa shi kaɗai zai tsaya. Nan ne ƙungiya ke da amfanin da mutum ɗaya ba shi da shi: ta fitar da ma'auni rubutacce na ƙarfin bulo, da tsayin harsashi, da irin ƙasar da aka yarda da ita, ta kai wa hukumar raya birane ta jiha da hukumomin da ke yi wa ƙwararru rajista, domin wanda ya bi ma'aunin ya sami mafaka.

Shugabanci kuwa sai an buɗe shi. Kwamitin da ke maganar ginin Arewa maso Yamma amma babu magini ko birkila ko mai buga bulo a cikinsa, kwamitin baƙi ne. Ba gayyatar Sarkin Magina ya zauna a layin gaba ranar buɗe taro ake nufi ba. Kujera ake nufi mai ƙuri'a, a zaman da ake yi da Hausa, domin magini ne ya san ramin da ƙasarsa ke riƙe gini da wanda ƙasarsa laka ce mai tsagewa da rani, injiniya kuma ya san yadda ake auna nauyin da bango zai ɗauka. Kowannensu yana riƙe da rabin abin da ake buƙata. Akwai gaggawa a nan, saboda maginan da suka iya ɗaurin guga tsufa suke yi, 'ya'yansu kuma da yawa sun koma birkiloli ko sun bar sana'ar gaba ɗaya.

Maganar daraja ba a warware ta da lacca. Talaka ba zai koma ga abin da ya ga masu kuɗi da gwamnati sun guje masa ba, kuma yana da gaskiya. Saboda haka gine-ginen hukuma ne ya kamata su fara. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha tana gina azuzuwa kowace shekara, asusun TETFund yana gina ɗakunan karatu a manyan makarantu. Idan jagororin wannan tafiya suna neman abu ɗaya da za su roƙa a Kabi, su roƙi a ba su rukunin azuzuwa ɗaya a Gwandu da ɗaya a Kalgo, a gina su da bulon jar ƙasa da ɗagaggen rufi kusa da azuzuwan bulon siminti, da hannun maginan garin. A rataya ma'aunin zafi a kowanne, ɗaliban Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da na Jami'ar Jiha da ke Aliero su riƙa rubuta abin da ya nuna tun daga Maris har ƙarshen damina, a bayyana kuɗin da kowane gini ya ci, a kuma karanta sakamakon a gidan rediyo. Idan ginin ƙasar ya gaza, a faɗa. Bayan wannan sai a tambayi jagororin da kansu da me suka gina nasu gidajen, domin mutane za su tambaya ko ba a ba su dama ba.

Za a iya cewa duk wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da hayaƙin masana'antun ƙasashen da suka ci gaba, kuma gaskiya ne mutumin Kalgo ba shi ya ɗumama duniya ba. Amma ribarsa ba ta jiran lissafin duniya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000, duk da cewa ana yin sa a Kalambaina, nan kusa da Sakkwato, tun shekarun 1960. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da tsofaffi da marasa lafiya. Gidan da aka ɗora wa kwano bana a kan hanyar Bunza zai kai shekara arba'in ko hamsin ana kwana a cikinsa, jar ƙasar da aka haƙo daga ramin harsashinsa kuma tana nan jibge a bakin titi, ana jiran tifar da za ta kwashe ta.